Kilo Biyu da Rabi

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafa, yaya kuma kunne? Mu nan da sauƙi. Baban yara yana nan yadda yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye, yana iya zama a kujera, amma fita aiki kam an gama.

Na san sai ka juya takardar nan ka duba ƙarshenta kafin ka gane mai rubutu. Auta ce, 'yar marigayiya 'yar uwarka mai ɗinki, wadda kakata da mahaifinka suke ciki ɗaya. Rabona da kai tun rasuwar Umma, shekara shida ke nan, ko gaisuwa ban taɓa aikowa ba. Yau da buƙata ta kama ni na tuna da kai. Ka yi mini faɗan daga baya, na cancanta, amma ka fara karantawa.

Shekarata goma sha tara ina aiki a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwarmu. Mataimakiyar ungozoma ce ni. Ni ke goge jariri, in ɗora shi a sikeli, in rubuta nauyinsa a rajista. Bara aka fito da doka cewa duk wanda ba shi da difloma zuwa ƙarshen wannan shekara, za a sallame shi. Sai na shiga kwaleji, ajin yamma. Na ci duk darussa, saura ɗaya: ƙididdiga. Na faɗi a bara. Bana ce dama ta biyu, kuma babu ta uku. In na sake faɗuwa aikin ya tafi, kuma da aikin nan kaɗai gidanmu yake tsaye, mutum biyar.

Kawu, abin nan ba ya shiga kaina. Malaminmu, wanda 'yan aji ke kira Jan Biro, yana cika allo da alamomi ya goge kafin in gama kwafar layin farko. Yaran da ke gefena sa'o'in 'yata ne, suna danna kalkuleta suna hira, ni ina neman inda na ajiye tabarau. Makon jiya wai akwai jaka da ƙwallo ja uku da shuɗi biyar, mu faɗi yiwuwar ciro ja. Na ce a raina, Malam, buɗe jakar ka duba mana. A gwajin farko na ci sha ɗaya cikin arba'in.

Akwai kuma aikin bincike mai maki arba'in. Kowa zai tattaro lambobi na gaskiya daga wani wuri, ya tsara su, ya yi bayani. Ko inda zan fara ban sani ba.

Umma ta sha gaya mini ka yi shekara talatin a ofishin ƙididdiga. An ce ka daina riƙe waya tun da kunnen ya yi nauyi, shi ya sa na rubuto. Direban motar da ke zuwa garinku Litinin da Alhamis zai ajiye wasiƙa wurin mai shagon tasha, in ka ba da amsa a can zai kawo mini. Don Allah ka taimake ni. Ban da kowa.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, muna lafiya. Ƙafa tana ja, kunne ya yi ritaya kafin ni, yanzu kuma idon hagu ya fara yana. Innarki tana gaishe ki, ta ce a yi wa mai jiki sannu.

Ban juya takardar ba. Rubutunki irin na uwarki ne, kamar kaza ta taka tawada. Faɗan kuma na ajiye shi, zan yi miki shi da baki ranar da kika kawo mini sakamako.

Ki kwantar da hankalinki. Wadda ta yi shekara goma sha tara tana karanta allurar sikeli ta fi yaran nan sanin lamba, sunayen abubuwan ne kawai ba ta sani ba. Ga misali. Ki auna mutum huɗu ramammu irina, ki ƙara da Innarki, ki tara ki raba biyar. Wannan shi ne matsakaici, kuma zai gaya miki duk mun yi ƙiba, alhali ƙarya ne. Yanzu jera mu daga mai sauƙi zuwa mai nauyi ki ɗauki na tsakiya. Ni za ki samu, ƙashi da fata. Shi ya sa ake neman duka biyun. Kada ki karanta wa Innarki wannan wurin in kin zo.

Na sa miki shafi shida na aiki a ciki, da amsoshi a takarda dabam. Kada ki leƙa sai kin gama. Ki riƙa yin biyu kullum da safe kafin ki fita, lokacin kai bai ɗau zafi ba. Maganar jaka da ƙwallo tana shafi na huɗu.

Batun bincike kuwa, kina zaune a kan abin da wasu ke yawon nema. Rajistarki. Ki ɗauki ta shekara biyu da suka wuce. Kada ki zaɓi jariran da kika tuna ko waɗanda lambarsu ta yi miki kyau. Ki ƙirga, duk na biyar ki kwafe nauyinsa, har ki sami ɗari biyu. Ki kwafe yadda yake a rubuce, ko da kin ga kamar kuskure ne. Sannan ki ƙirga nawa ne a kowane nauyi, ki zana ginshiƙai, ki fitar da matsakaici da na tsakiya. Wannan zai ba ki talatin ko fiye, in malamin yana da adalci.

Ki aiko mini da aikin in duba. Kuma ki daina cewa ba ki da kowa, abin ya ɓata mini rai.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna, da fatan idon ya yi sauƙi. Mu lafiyar jiki dai akwai.

Ka yi haƙuri da shirun mako huɗu. Na so in rubuto da labari mai daɗi, kuma da farko akwai shi: a gwaji na biyu na ci ashirin da uku. Na yi shafukanka duka. Na yi binciken kamar yadda ka ce, kullum in an tashi aiki in zauna a benci da rajista a cinya, har na cika ɗari biyu. Lokaci ya ƙure ban aiko maka ba, na miƙa.

Jiya Jan Biro ya shigo aji da takarduna a hannu. Bai kira sunana ba da farko. Ya zana ginshiƙaina a allo, ya ce kowa ya duba. A kilo biyu da ɗigo shida jarirai tara. A ɗigo bakwai sha ɗaya. A ɗigo takwas sha huɗu. Amma a biyu da rabi daidai, talatin da takwas, ginshiƙin ya kusa taɓa saman allo. A ɗigo huɗu babu ko ɗaya. A ɗigo uku babu. A ɗigo biyu, ɗaya tak. Ya tambayi aji ko akwai wanda ya taɓa jin garin da jarirai ke haɗa baki tun a ciki. Aka yi dariya. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Baba, waɗannan lambobin a ɗaki kika zauna kika ƙirƙira."

Na miƙe, sai na sake zama. Mace mai shekara arba'in da huɗu, a gaban yara sittin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya kai maganar kwamitin ladabtarwa. Za su zauna ranar Alhamis ta mako uku masu zuwa. Wanda aka kama da ƙirƙirar lambobi kora ce kai tsaye, ba ma a bari ya zauna jarrabawa.

Wallahi Kawu ban ƙara ko ɗigo ba. Abin da ke rajista shi na kwafe. Ga jadawalin nan na sa maka a ciki. Ka duba ka gaya mini inda na yi kuskuren lissafi, don dole kuskure ne. Baban yara bai sani ba tukuna. Na shigo gida na ce masa kaina ke ciwo.

Ka amsa da motar Alhamis don Allah.

Auta

*

Kawu,

Gaisuwa. Yau kwana tara. Mota biyu ta zo ta koma, kowane zuwa ina tasha tun kafin ta tsaya. Direban ya fara kawar da kai in ya hango ni. Ya rantse ya ba mai shago wasiƙata hannu da hannu.

Ko ba ka da lafiya ne? In haka ne a sa wani ya rubuto layi ɗaya in sani. In kuwa ka duba jadawalin ne ka ga abin da Jan Biro ya gani, gara ka faɗa mini. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Ba na iya cin abinci, jiya na kusa sa wa jariri zanen wani. Saura kwana goma sha ɗaya.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. An yi mini aikin ido, an hana ni karatu, yau aka cire bandeji. Layi kaɗan likita ya yarje mini.

Na duba. Lissafinki babu kuskure ko ɗaya. Amma malaminki bai makance ba: waɗannan lambobin ba daga sikeli suka fito ba. Ki zauna ki tuna da kyau, ki gaya mini gaskiyar yadda aka yi suka hau takarda.

Kawunki

*

Kawu,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban san an yi maka aiki ba, ka yafe mini wasiƙar baya.

Amma ta yau ta ƙona mini rai. Har kai? Na yi maka rantsuwa, ka ce in gaya maka gaskiya. To ga gaskiya, tun daga farko, don ka san ba a ɗaki nake zama in ƙirƙiri jarirai ba.

Ɗakinmu gado uku ne da tebur ɗaya. Sikelin yana kan tebur kusa da taga, mai allura ne, fentin farantinsa ya goge. In an haihu na karɓi yaro, in shimfiɗa tsumma, in mayar da allura kan sifili, in ɗora shi, in jira ya daina harbe-harbe, in karanta. Sista, babbar ungozomarmu, tana can tana kula da uwar. In na faɗi nauyi ta amsa, in rubuta. Dokar aiki ta ce duk jaririn da bai kai biyu da rabi ba, a cike takarda uku a tura shi babban asibiti. Tafiyar awa uku ce a hanya mai ramuka, kuma motar asibiti ta fi shekara a kan duwatsu. Ka taɓa gaya wa matar da ta haihu awa ɗaya da ta wuce cewa ta tashi ta hau mota? Kuka take. Mijin ya ce ba inda za su, ya kwashe su gida a fusace, ba za mu sake ganin yaron ba ko a rigakafi. Tun makona na farko Sista ta ce mini, "In allura ta kusa, ki ƙarasa mata. Gara yaro a hannunmu da yaro a hanya." In yaro yana kuka da ƙarfi, yana kama nono, allura tana ɗigo huɗu ko uku, sai mu...

Kawu, na ajiye biro na yi kusan awa ɗaya.

Ban taɓa haɗa wannan da ginshiƙin ba. Wallahi ban haɗa ba. Abu ne da hannuna ke yi kamar ɗaurin zane, ban taɓa kiransa ƙarya ba. Waɗanda suka ɓace daga ɗigo huɗu da ɗigo uku suna cikin talatin da takwas ɗin nan. Har ɗigo ɗaya mun sha ƙarasawa in uwar ta yi ta roƙo.

To yanzu ya zan yi? In na kai rajista gaban kwamiti, za su ga na kwafa daidai, ban ƙirƙira ba. Amma za su tambayi dalilin tarin, kuma a cikinsu akwai mutumin hukumar lafiya, don su suka turo mu karatun. In na yi shiru kwaleji ta kore ni. In na yi magana asibiti ya kore ni. Duk inda na juya aikin ne ke tafiya.

Na bar farkon wasiƙar yadda yake, ba ni da ƙarfin sake rubutu. Ka yi haƙuri da zafin da ke ciki.

Auta

*

Auta,

Ido yana sauƙi, yau na ga fuskar Innarki sosai, na ce wa likita ya mayar da bandejin. Tana gaishe ki duk da haka.

Ban ce ke maƙaryaciya ba ce, ko a raina. Cewa na yi lambobin ba na sikeli ba ne, na hannu ne. Da ina da idon rubuta shafi biyu ranar da na bayyana miki. Na san irin wannan tarin tun ina saurayi. In muka fita ƙidaya, rabin tsofaffin gari shekararsu sittin cif, babu mai hamsin da tara. Duk inda mutum ke rubuta lamba kuma akwai wata iyaka da yake tsoro, za ki ga an taru a bakin iyakar. Mai ƙirƙira ba ya yin haka, shi watsa lambobinsa yake don su yi kama da gaskiya. Malaminki yaro ne, ya ga hayaƙi daidai amma ya nuna gidan da ba shi ba.

Ban da amsar tambayarki tukuna. Amma kada ki shiga gaban mutanen nan ba ki san girman abin da kike ɗauke da shi ba. Mai yiwuwa Sista tana da gaskiya, yaran ba su cutu ba. In haka ne, hujja ce babba a hannunki. Akwai inda kuke rubuta waɗanda suka dawo rigakafi bayan mako shida? Ki bi talatin da takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ki bi kuma na ɗigo shida zuwa takwas, su talatin da huɗu ne a jadawalinki. Ki ga nawa ne a kowane ɓangare suka kai mako shida. Ki mayar da shi kashi cikin ɗari, kamar shafi na biyu.

Ki aiko mini da abin da kika samu, ko mene ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ku. Yau Lahadi, gobe da sassafe zan ba direba wannan.

Na bi su. Littafin rigakafi yana da layin da mai zagayen gidaje ke rubuta dalilin wanda bai zo ba. Cikin talatin da huɗu, ɗaya ya koma ga Allah. Cikin talatin da takwas, biyar.

Kashi uku da kashi goma sha uku. Ban taɓa yin lissafi sau ɗaya ya fito daidai ba sai wannan. Na sake shi sau huɗu ina fatan na yi kuskure.

Na san su, Kawu. Ɗaya ɗan mai wankin kayan asibitinmu ne. Na tuna ranar, allura tana ɗigo biyu da ɗan wani abu, ta kama hannuna ta ce kada in raba ta da gida. Da ya koma na je mata gaisuwa, na zauna na ba ta haƙuri, ta yi mini godiya. Kuma waɗannan daga duk na biyar ɗin da na kwafa ne kawai, na shekara biyu. Na iya ninkawa yanzu, amma na hana kaina.

Na nuna wa Sista. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce yaran da suka mutu a hanyar babban asibiti ba su cikin kowane littafi, kuma ita ta ga uku da idonta kafin in zo aikin. Kuma ba ƙarya take ba. Washegari ta kawo mini wasiƙa a takardar asibiti, da hatimi da sa hannu. Wasiƙar ta ce tsohon sikelinmu yana da matsala, allurarsa tana maƙalewa a biyu da rabi, kuma an nemi sabo. Ta ce in haɗa da rajista in miƙa. Kwaleji za ta wanke ni, hukuma ta kawo sikeli, kowa ya zauna a kujerarsa. Ta ce, "Ke kina da mara lafiya a gida, ni saura shekara biyu in huta. Ki yi tunani."

Sikelin lafiyarsa ƙalau. Na gwada shi da kwalbar ruwa.

Wasiƙar tana cikin jakata. Na gaya wa Baban yara komai, ya yi ta kallon hannunsa da ba ya motsi. Babbar 'yata ta ji mu, yanzu tana bina da ido duk inda na yi.

Tambaya biyu nake maka. Da an tura biyar ɗin nan, nawa ne za su rayu? Kuma ranar Alhamis in fito da wasiƙar Sista ko kada in fito? Abin da ka ce shi zan yi, ba ni da sauran wayo. Direba ya ce wannan makon zai juyo Laraba. Don girman Allah ka ba shi amsa.

Auta

*

Auta,

Mun kwana lafiya. Wasiƙarki ta zo jiya da yamma, yau Talata da safe nake rubutu, da kaina zan kai tasha.

Ta farko. A lambobi ƙanana haka, duk malamin kirki zai ce miki ba a yanke hukunci. Amma ni kika tambaya, ba zan ɓoye a bayan wannan ba. Ɗaya ko biyu da sun tafi ko an tura su ko ba a tura ba. Sauran, mai yiwuwa biyu, mai yiwuwa uku, da suna nan. Waɗanne ne, babu lissafin da zai gaya miki, kuma kada ki nema.

Ta biyu. Shekara talatin ban taɓa gyara lamba don in faranta wa wani ba, har ƙarin girma na rasa a kan haka, kuma ina alfahari. Yau ni ne nake ce miki ki miƙa wasiƙar Sista. Ni na tura ki rajistar nan, ni na ce ki bi yaran, ina zaune a inuwa ina wasa da abincin gidanki. Korarki ba za ta dawo da kowa ba. Ki tsira da aikinki, ki koma kan sikelin, daga ranar ki rubuta abin da allura ta nuna. Wadda za a kawo a madadinki ba ta san abin da kika sani ba. Zunubin wasiƙar a rubuta shi a kaina.

Ban taɓa zaton zan rubuta irin wannan ba. Ki yi yadda na ce.

Kawunki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fatan ido ya warware, Inna kuma tana lafiya. Baban yara yana gaishe ka. Ka yi haƙuri da shirun wata guda.

Wasiƙarka ta zo ranar Asabar. Motar ta lalace a hanya, ta kwana uku wurin makanike.

Laraba na wuni a tasha har aka rufe shaguna. Alhamis na shiga ɗakin kwamiti ban san abin da zan yi ba. Mutum huɗu ne a bayan dogon tebur, Jan Biro a gefe. Suka buɗe rajista, suka bi lambobina guda ashirin, duk suka dace. Sai mutumin hukumar lafiya ya tambayi abin da ya kawo tarin. Hannuna yana cikin jaka, a kan wasiƙar Sista. Na ce a raina, Kawun da bai taɓa gyara lamba ba, na san abin da zai ce. Sai na fito da ɗaya takardar, mai kashi uku da kashi goma sha uku, na faɗi komai.

 Jan Biro ne ya fara magana, ya ce ya zalunce ni a gaban aji, kuma a gaban aji zai janye. Ya janye. Ya ba binciken talatin da shida. Na zauna jarrabawa, sakamako ya fito shekaranjiya. Na ci, sittin da ɗaya. Diflomar ta tabbata.

Takardar hukuma ta riga sakamakon zuwa da kwana biyar. An sallame ni, an sallami Sista. Ta wuce ni a bakin ƙofa da kwalin kayanta, na gaishe ta ba ta amsa ba. Shekara goma sha tara muna cin abinci a kwano ɗaya. An ce sun aika a duba rajistar sauran ƙananan asibitoci, an kuma gyara motar asibiti. Mai wanki ta daina gaishe ni ita ma, ban san abin da aka gaya mata ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Ka ce zunubin a rubuta a kanka. Babu abin da za a rubuta. Amma ba zan yi maka ƙarya ba: da wasiƙarka ta zo Laraba, da na bi maganarka, da yau ina bakin aikina. Na karanta ta a tsaye a tasha, na zauna a kan buhun wani na yi kuka har direban ya tsorata ya fara ba ni haƙuri. Har yau ban san ko haushin direban nake ji ko godiya ba. Wani lokaci duka biyun a wuni ɗaya.

Na kai takardun neman aiki wuri huɗu. Duk suna tambayar dalilin barin na baya, ni kuma ina faɗa. Babu wanda ya kira tukuna. In ka san wani a can da ke neman mai difloma, ko share ɗakin haihuwa ne, ka yi mini magana. Ina tsoro, Kawu, tsoro sosai.

Jiya Litinin na tashi, na yi wanka, na sa fararen kaya, na ɗauki jaka. Sai da na kai bakin ƙofa Baban yara ya kira ni a hankali ya ce, "Ina za ki?"

'Yarka,
Auta